Inhela da Ciwon Huhun Hayaƙi: Lacca ga Jama'ar Bodinga da Shagari

 

  Iyayenmu mata da ke zaune a wancan sashe, 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, jama'ar Bodinga da ta Shagari, da waɗanda suka taso tun daga Sifawa, Danchadi, Dingyadi, Kajiji da Dandin Mahe:

Abin da zan yi magana a kansa ga shi nan a hannuna. Ɗan gwangwani ne a cikin gidan roba, wanda aka fi sani da inhela. Wasunku suna da shi a aljihu yanzu haka. Wasu likita ya rubuta musu, suka ƙi saya don tsoro. Wasu kuma sun saya da kuɗi mai yawa, suka gwada kwana biyu, suka ce ba ya aiki, suka jefa shi a ƙasan akwati. Duka ukun da su nake, amma na ukun nan su suka fi damuna, don yawanci maganin bai gaza ba, hanyarsa ce bai samu ba.

Bari mu fara da ciwon. Kowa a nan ya san wani dattijo ko wata tsohuwa mai tarin da ba ya jin magani. Da asuba sai ta daɗe tana kaki kafin ta iya yin alwala. A da takan je rijiya ta dawo da tulu a ka tana hira, yau daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Mukan ce tsufa ne, ko sanyi ne ya kama ƙirji. Da yawa daga cikinsu abin da ke damunsu shi ne toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD.

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro, ta rabu biyu, ta yi ta rarrabuwa cikin ƙananan hanyoyi har ta isa miliyoyin 'yan jakunkunan da ke can ƙuryar huhu, inda take haɗuwa da jini. Shekara da shekaru ana shaƙar hayaƙi, sai bangon waɗannan hanyoyi ya kumbura, su tsuke, su cika da majina, 'yan jakunkunan kuma su saki. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san zuga-zugin da fatarsa ta tsufa: yana cika da iska, amma in an matsa ba ya fitar da ita duka, wutar ma da ƙyar take ruruwa. Haka huhun mai wannan ciwo yake. Tsohuwar iska ta maƙale a ciki, sabuwa ba ta da wurin shiga, shi ya sa za ka ga mutum ƙirjinsa a cike amma yana neman numfashi.

Ciwon ya yi kama da asma, sai dai ba ɗaya ba ne. Asma takan faro tun ƙuruciya, ta taso ta lafa, tsakanin tasowa da tasowa mutum ya yi harkarsa garau. Wannan kuwa yakan bayyana ne bayan shekara 40, yana shigowa a hankali, kuma abin da ya riga ya ɓata a huhu ba ya dawowa. Gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu: inhela ba ta warkar da shi. Abin da take yi shi ne ta buɗe hanyoyin da suka rage, ta rage haki, ta rage yawan kwanciya asibiti, mutum ya iya zuwa masallaci da ƙafarsa, ya leƙa gonarsa. Wanda ya taɓa kwana a zaune don numfashi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021, a waccan shekara shi ne na huɗu a jerin abubuwan da suka fi kashe mutane a duniya. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda ya kashe kafin su kai shekara 70 suna ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, irin tamu. A ƙasashe masu arziki, taba ce ke jawo fiye da kashi 70 cikin 100 na ciwon. A irin namu ƙasashen, rabon taba bai wuce kashi 30 zuwa 40 ba. To saura daga ina? Wani bincike da aka yi a gundumar Masindi ta ƙasar Yuganda, aka wallafa a 2015, ya auna numfashin mutanen karkara da suka haura shekara 30, ya tarar kusan 16 cikin kowane 100 suna da ciwon, mata ma sun ɗan fi maza, alhali yawancin matan ba su taɓa sa taba a baki ba. A nan Nijeriya, binciken da aka yi a Ile-Ife, aka wallafa a 2016, ya tarar kusan 8 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40.

Maza, ina roƙonku in kun koma gida ku shiga madafi, ku ɗaga kai ku dubi rufin. Za ku ga kunkunniya baƙa ƙirin ta kama azara, har tana reto. Sannan ku dubi mai ɗakin. Tana durƙushe gaban duwatsun murhu, ta tura karan dawa ko ɗanyen itace ko busasshen kashin shanu, ta sunkuya tana hura wuta da baki, idanunta na zubar da ruwa, ga goyo a bayanta yana shaƙar abin da take shaƙa. Safe, rana, dare. Ta fara tun tana 'yar shekara goma a gidan uwarta, yau tana da jikoki. In hunturu ya shigo a toshe taga, a shigar da kaskon wuta cikin ɗaki a kwana da shi. In ta haihu, kwana arba'in ana dafa ruwan wankan jego. Hayaƙin da ya baƙanta wancan rufi shi ne take shaƙa duk tsawon waɗannan shekaru. Ga masu suyar ƙosai da masa da ƙuli-ƙuli, ga masu tsire da masu gidan burodi, ga masu ƙona gawayi, ga ƙurar sussuka da shiƙa da ta injin niƙa, ga maganin sauro na hayaƙi a ɗaki rufe. Akwai kuma waɗanda suka taɓa yin tarin tibi suka warke, amma ya bar musu tabo a huhu.

Tunda na ambaci tibi, kada wanda ya tashi daga nan ya wuce kemis ya ce a ba shi inhela don yana tari. Duk tarin da ya kai mako biyu, a fara kai kaki a gwada, musamman in akwai rama, zazzaɓi, gumin dare ko jini. Gwajin tibi da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware don haka. Ciwon zuciya ma yana kawo haki, sau da yawa tare da kumburin ƙafa, kuma maganinsa daban. Abin da ke tabbatar da COPD wata na'ura ce da ake hurawa da iyakar ƙarfi, ta auna yawan iskar da mutum ya fitar a daƙiƙar farko, a kwatanta da dukan abin da ya iya fitarwa. In bayan an ba shi maganin buɗe hanya har yanzu bai kai kashi 70 cikin 100 ba, to hanyar a toshe take. Daga Bodinga ko Shagari zuwa Sakkwato ba wata tafiya ba ce. A fara da asibitin da ke kusa, a nemi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo in akwai bukatar ganin likitan ƙirji.

Yanzu mu dawo kan ɗan gwangwanin nan. Ba sabon abu ba ne da ake gwaji a kanmu. Kamfanin Riker na Amurka ne ya fara fitar da irinsa a 1956, bayan 'yar shugaban kamfanin, George Maison, yarinya mai asma 'yar shekara 13, ta tambayi babanta me ya hana a sa maganinta a gwangwanin fesawa irin na gyaran gashi. Maganin da ke cikin wannan shuɗin kuwa, wanda za ku ga an rubuta salbutamol a kwalinsa, a Ingila aka haɗa shi, ya shiga kasuwa a 1969 da sunan Ventolin. Ya haura shekara hamsin ke nan ana amfani da shi.

Mutanenmu sun fi yarda da allura da ƙarin ruwa, sai kuma ƙwaya. In ka ba mutum abin shaƙa sai ya ga kamar ba ka ɗauki ciwonsa da muhimmanci ba. To ku yi lissafin nan tare da ni. Ƙwayar salbutamol ɗaya da ake sayarwa a kemis miligiram 4 ce, wato maikurogiram 4,000. Fesa ɗaya ta inhela maikurogiram 100 ce, fesa biyu 200. Ke nan mai haɗiyar ƙwaya ya sha ninki 20 na abin da mai shaƙa ya sha. Ƙwayar za ta bi ciki, ta shiga jini, ta zaga zuciya da hannuwa da ko'ina, ta sa rawar jiki da faɗuwar gaba, kafin wani abu ya isa huhu. Ta shaƙa kuwa kai tsaye take zuwa inda ciwon yake, cikin kamar minti biyar an fara jin sauƙi, kuma ta riƙe mutum awa huɗu zuwa shida. Wace ce mai ƙarfin da ya kamata a ji tsoro a nan? Balle ƙwayoyin nan irin su prednisolone da dexamethasone da wasu ke sha wata da watanni ba da sanin likita ba don suna sauƙaƙa ƙirji. Su ne ke kumbura fuska, su tayar da sukari da hawan jini, su cinye ƙashi. Likita yakan ba da su na 'yan kwanaki in ciwon ya taso, iyakarsu ke nan.

Inhela iri-iri ce, kuma wajibi ne mutum ya san wadda ke hannunsa. Akwai ta agajin gaggawa, irin salbutamol, wadda ake shaƙa sa'ad da numfashi ya sarƙe. Akwai ta kullum mai dogon aiki, irin tiotropium, wadda ta fito a 2002 da sunan Spiriva, ana shaƙarta sau ɗaya a rana ko ana jin ciwo ko ba a ji. Ita ce ginshiƙin maganin wannan ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba a 2019. Akwai kuma masu haɗe da sitiroyid, irin su Seretide da Symbicort. Waɗannan ba kowane mai COPD ne ke bukatarsu ba, don suna iya ƙara haɗarin nimoniya, likita ne zai auna. Wanda aka ba shi irinsu, ya kurkure baki ya tofar duk bayan shaƙa, in ba haka ba farin ƙura-ƙura ya fito masa a harshe, murya ta dishe. Kada ka dogara da launi kawai, don kamfanoni sun sha bamban. Ka sa ma'aikacin lafiya ya yi maka alama a jiki, ko da zare ne ka ɗaura wa ta kullum.

Ga inda gizo ke saƙar. Ko a hannun wanda ya iya, kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na abin da aka fesa ne kawai ke isa huhu daga irin wannan inhela, sauran a baki da maƙogwaro yake tsayawa. To ina ga wanda bai iya ba? A ɗakin duba marasa lafiya nakan ce wa mutum, "Baba, nuna mini yadda kake yi." Wani dattijo ya ciro tasa daga aljihun 'yar shara, ya buɗe baki, ya fesa sau uku a jere bisa harshe, ya rufe baki ya haɗiye yawu, ya ce, "To likita, haka nake yi safe da yamma, amma shiru." Wata baiwar Allah kuwa ɗaga mayafi ta yi ta fesa a ƙirjinta, ta ce ai nan ne ke mata ciwo. Na ga kuna dariya, amma ba laifinsu ba ne. An miƙa musu kwali ta taga, an karɓi kuɗi, takardar ciki da Turanci, babu wanda ya tsaya ya nuna musu. Laifin namu ne, mu masu rubutawa da masu sayarwa.

Don haka ku dube ni da kyau, musamman matasa, don ku ne za ku koya wa iyaye a gida. Ka zauna a miƙe ko ka tsaya, kada ka yi a kwance. Ka cire murfi, ka leƙa bakin robar, don ƙasa ko tsakuwa ko ƙwaro kan shiga in ta daɗe a aljihu. Ka riƙe ta gwangwanin na sama, bakin na ƙasa, ka girgiza sosai. In sabuwa ce, ko ta yi kwanaki ba a taɓa ta ba, ka fara fesawa a iska tukuna, yadda takardarta ta ce. Sannan ka kau da kai gefe ka fitar da numfashi a hankali, iyakar yadda za ka iya ba tare da ka wahala ba. Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali huhun da ke cike ba shi da wurin karɓar magani. Ka ɗan ɗaga haɓa, ka sa bakin robar tsakanin haƙora ba tare da cizo ba, leɓe ya rufe ruf, harshe ya kwanta kada ya tare ƙofa.

Yanzu sai a natsu. Ka fara jan numfashi ta baki a hankali, kana cikin ja sai ka latsa gwangwanin sau ɗaya, ka ci gaba da ja a hankali har ƙirji ya cika, kamar daƙiƙa huɗu ko biyar. Jan ne ke fara zuwa, latsawa ta biyo shi a kan hanya. In ka latsa kafin ka fara ja, maganin ya zube a baki. In ka fizgi numfashi da ƙarfi, ya bugi bayan maƙogwaro ya tsaya nan. In sanyin feshin ya sa ka tsaya cak, nan ma an yi asara. Da ƙirji ya cika, ka cire ta daga baki, ka rufe baki, ka riƙe numfashi kana ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci, ko iyakar abin da ka iya, don maganin ya samu ya zauna. Sannan ka saki a hankali. In an ce fesa biyu, ka jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya, ka sake girgizawa, ka maimaita tun daga farko. Fesa biyu cikin ja ɗaya ɓarnar kuɗi ce. In ka ga farin hayaƙi yana fita ta baki ko ta hanci lokacin da ka latsa, to bai shiga ba.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu: tsohuwa mai rawar hannu, numfashi ya sarƙe mata da tsakar dare, ina za ta iya haɗa ja da latsawa? Gaskiya ne, ko matashi sai ya koya. Shi ya sa aka yi sifesa, wani bututun roba mai faɗin ciki. A sa inhela a gindinsa, baki a ɗaya ƙarshen, a fesa sau ɗaya a ciki, maganin ya tsaya yana jira, mutum ya ja numfashi ya saki a cikinsa sau huɗu ko biyar yadda ya saba. Ni a ganina duk dattijon da aka ba inhelar fesawa ba a ba shi sifesa ba, an ba shi rabin magani ne. In babu ta saye, akwai dabara. Likita Heather Zar da abokan aikinta a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu sun wallafa bincike a 1999 da ya nuna cewa gorar roba ta lemo mai rabin lita, in an huda gindinta daidai da bakin inhela yadda ba ta yoyon iska, tana aiki kamar ta kanti. A kan yara masu asma suka gwada, amma dabarar ɗaya ce, kuma ta fi fesawa a harshe nesa ba kusa ba. Ma'aikacin lafiya ya yi hujin da zafaffen ƙarfe, ya nuna yadda ake riƙewa. A wanke ta da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a goge cikin da tsumma, don gugar tana sa maganin ya manne a bango.

Inhelar gari kuwa dokarta daban, har ma kishiyar wancan ce. Babu abin da ke tura maganin sai numfashinka, don haka ita ja mai ƙarfi mai zurfi take so. Mai kafso, ka ɓare kafson sai lokacin da za ka yi amfani da shi, ka sa a raminsa, ka rufe, ka latsa abin hudawa sau ɗaya, ka fitar da numfashi a gefe, sannan ka ja har ka ji kafson yana karkarwa a ciki. Kada ka hura iska cikinta, danshin baki yana dunƙule garin. Kuma don Allah kafson nan ba na haɗiya ba ne, ko da ya yi kama da na zazzaɓi. Wanda ƙarfinsa ya ragu har ba ya iya ja sosai, ya gaya wa likita a sauya masa.

Sai adana ta. Zafin Maris da Afrilu a ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40, alhali yawancin kwalayen nan sun ce a ajiye ƙasa da digiri 30. Kada a bar ta a gaban mota, ko a akwatin babur, ko a taga inda rana ke duka. A nemi wuri mafi sanyi a ɗaki, cikin inuwa. Ta gari kuma a tsare ta daga laimar damina. Sau ɗaya a mako a zare gwangwanin salbutamol, a wanke gidan robar da ruwa mai ɗumi, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar, don ɗan ramin da maganin ke fita yakan toshe. Gwangwanin fesa 200 ne a ciki. Mai yin fesa 8 a rana, kwana 25 za ta yi masa. Kada ƙarar da kake ji in ka girgiza ta ruɗe ka, don iskar da ke tura maganin takan rage bayan maganin ya ƙare. Ka rubuta ranar da ka buɗe ta a jikin kwalin. Wadda ta ƙare kuma kada a jefa ta a wuta ko a bar wa yara su fasa, tana fashewa.

Akwai maganar da na sha ji: "In ka fara inhela ba ka rabuwa da ita." Ba ta sa maye, ba ta kama jiki irin na ƙwayoyin da ke lalata mana matasa. Ciwon ne ba ya tafiya, shi ya sa bukatar maganin ba ta tafiya. Wani kuma ya ce ai wane da aka ba shi inhela bai daɗe ba ya rasu. Allah ya jiƙansa, amma ku tambaya shekara nawa ya yi yana tari kafin a kai shi asibiti. Mu ne muke ajiye ta sai ciwo ya ci ƙarfin mutum, sannan mu ɗora mata laifi. Neman magani kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna shekaru kafin ya koma Sakkwato a 1815, ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido.

Batun azumi, malamai sun saɓa. Shaihu Abdul'aziz bin Baz da Shaihu Muhammad bin Salih al-Usaimin sun yi fatawar cewa inhelar fesawa ba ta karya azumi, wasu malaman kuma suna ganin tana karyawa. Ga malamanmu nan a sahun gaba, wannan fagensu ne, a tambaye su. Abin da zan ce a nawa fagen shi ne, ta kullum ana iya daidaita ta da sahur da buɗa-baki. In kuwa numfashi ya sarƙe da rana tsaka, a shaƙa nan take, kada a jira magariba. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Ba zan ɓoye maganar kuɗi ba. Tun da kamfanin GSK, mai Ventolin da Seretide, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Nijeriya, ga kuma faɗuwar naira, farashin waɗannan magunguna ya yi tashin gwauron zabi. Ku sani sunan maganin shi ne abin nema, ba sunan kamfani ba. Salbutamol ta wani kamfani mai lambar NAFDAC, da kwanan watanta bai wuce ba, aiki ɗaya take yi. Masu hali su yi rajista da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, su tambaya ko maganinsu yana ciki. Tsadar nan ma wani dalili ne na koyon shaƙa daidai, don kowace fesa da ta tsaya a harshe kuɗin hatsi ne ya tafi.

In ciwon ya taso, wato haki ya fi na kullum, kaki ya ƙaru ko ya koma ruwan ɗorawa ko kore, a yi amfani da ta gaggawa ta cikin sifesa, a nufi asibiti a ranar. In kuwa mutum ba ya iya ƙarasa magana, ko harshe da cikin leɓe sun yi duhu, ko ya fara ruɗewa ko gyangyaɗi, ko ga ciwon ƙirji ko jini, to ba a jiran gari ya waye, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa. Maza, ku ba da wannan izini tun yau, kowa ya ji a gida. A asibiti kuma a gaya musu yana da COPD, don iskar oksijin da ake ba irinsu aunawa ake yi, ba a buɗe ta duka.

Duk wannan bayani, in hayaƙin yana nan, ciwon zai ci gaba da cin huhu. Charles Fletcher da Richard Peto sun bi ma'aikata maza a Landan shekaru, suka wallafa a 1977 cewa wanda ya bar taba abin da ya rasa ba ya dawowa, amma saurin lalacewar huhunsa yana raguwa ƙwarai. Mai shan sigari ko shisha, yau ta fi gobe. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, masu tireda a kiyaye. Madafi kuwa, na san gas ba kowa ke da halinsa ba. Amma a fasa taga biyu masu fuskantar juna, ko a dafa a rumfa a tsakar gida, a busar da itace kafin a sa, a yi amfani da murhu mai tattalin itace, a sauke goyo a nesa da wuta, a fitar da kasko kafin a kwanta. Mai ciwon ya rufe hanci da baki ranar da hazo ya sauko, kuma kada ya kwanta ya ce ya gama yawo. Ya riƙa tattaki kullum gwargwadon ƙarfinsa, in haki ya zo ya ja iska ta hanci, ya tsuke leɓe ya sake ta a hankali.

Roƙona ga shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu da iyayen ƙasa shi ne su sa baki a samu salbutamol da sifesa a kowane ƙaramin asibiti, daga Danchadi har Kajiji. 'Yan'uwana ma'aikatan lafiya da masu kemis, kada inhela ta sake fita daga hannunku sai kun nuna, mai ita kuma ya yi a gabanku kun gani. Ku kuma masu ciwon, duk ranar da za ku asibiti ku tafi da taku, ku ce a duba yadda kuke yi, ko da kun shekara goma da ita. Wanda ya zo da tasa yau, kada ya tafi. Da an yi addu'a ya matso nan gaba, mata a wancan gefe tare da ma'aikata mata, mu gwada ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.